Ranar da Na Roƙi Allah Kada a Kawo Wuta

Shekarun baya, a shekarar nan da sojoji suka koma bariki aka miƙa wa farar hula mulki, muna zaune a wani gidan haya a Kambarawa cikin garin Katsina, ni da maigidana da yaranmu biyu. Ciki da falo ne, sai ɗan wurin girki a tsakar gida. Maigidana ma'aikacin gwamnati ne, da safe yake fita sai la'asar. Lokacin babu wayar hannu, idan mutum ya fita ya fita ke nan, sai dai ka bi shi da addu'a.

Babban ɗana bai ida shekara huɗu ba. Sunan mahaifina gare shi, don haka Babana nake ce mashi. Yaro ne da ba ya iya ganin abu a rufe bai buɗe ba, ko a buɗe bai rufe ba. Ya taɓa zuba mani gishiri a randa, ya taɓa wanke rediyon babansa da sabulu don a cewarsa mai magana a ciki yana tari. Ga shi a lokacin babu hirar da ake yi a ƙofar gida sai ta siyasa, shi kuma kunnensa kamar na zomo. Sai ya naɗa ɗankwalina a kai, ya saɓa zanen goyo a kafaɗa, ya ce shi ne gwamna. Ni kuwa da rashin aikin yi sai in durƙusa in ce, "Ranka ya daɗe, a taimaka a zo a sha koko." Ƙanwarsa kuma ta fara rarrafe, tana kama abu ta miƙe. Ita kuma ruwa ne jarabarta. Ko a buta ta ji motsinsa, sai ta nufe shi tana dariya.

Ɗakin da ke kallon namu wata mata ce a ciki, Kirista, mutuniyar kudancin Kaduna, mijinta na aiki a Katsina. Ta girme ni sosai, 'ya'yanta duk suna makaranta. Yarana Anti suke ce mata, ni ma na bi bakinsu. Ita kuma ƙanwata take ce mani. Mace ce mai jiki da murya, idan tana dariya har zaure ana ji.

Ranar da abin ya faru, da hantsi ne. Ɗiyata ta ɓata jikinta da kunu, na ce bari in ɗan ɗumama ruwa in yi mata wanka. Na cika bokitin ƙarfe na aje a falo kusa da soket, na jefa hita a ciki. Hitar nan tsohuwa ce, kanta ya daɗe da fashewa, wayoyin biyu tsirara muke cusawa a soket mu danne da tsinken ashana. Kuma kowa a gidan ya san halinta: idan tana aiki, ko yatsa ka tsoma a ruwan sai ta fizge ka har kafaɗa. Ni da kaina ta taɓa jefar da ni. Kullum muna cewa za a gyara, kullum sai gobe.

Ina cusa wayar, ko juyawa ban yi ba, aka ɗauke wuta. Na yi tsaki, na aje yarinyar bisa tabarma kusa da yayanta, na ce, "Babana, duba mani ita, bari in hura gawayi." Na fita tsakar gida da niyyar in ɗora ruwan a kurfoti. Zare wayar nan bai ko zo mani a rai ba.

Ina durƙushe ina fifita wuta na ji ƙofar falo ta rufe. Ban damu ba, don ya saba. Sai kuma na ji wani sauti da na sani sarai: ƙarar sakata ta shiga raminta.

Ƙofar ƙarfe ce. Maigidana ne ya sa aka yi ta bayan ɓarayi sun shiga maƙwabta, ya kuma sa mai walda ya yi mata sakata mai kauri daga ciki. Na taso na tura, ko motsi.

"Babana, buɗe ƙofa."

"Ba a shiga," in ji shi. "Ofis ne."

Har na yi dariya. Na ce, "To ranka ya daɗe, talakawa sun zo gaisuwa, a buɗe mana."

Na ji ya ja kujerar tsugunno, ya hau, ya kama sakatar yana ja. Ya ja, ya sake ja. Can ya ce, "Umma, ta ƙi."

A daidai lokacin na tuna da bokitin.

Na ruga wajen taga. Tagar falon ƙarafuna ne a jikinta, sai raga ta sauro. Na manna fuskata. Daga inda nake ina hango bokitin a can ɗaya kusurwar, wutsiyar hita ta fito daga cikinsa ta bi bango ta shige soket. Ɗiyata tana zaune bisa tabarma tana tsotsar murfin kwano. Tsakaninta da bokitin babu komai sai siminti.

Ban san na yi ihu ba, sai dai na ga Anti ta fito da kumfar wanki har gwiwar hannu.

"Lafiya, ƙanwata? Me ya faru?"

Na kasa haɗa magana. "Ya kulle. Hita. Hita na cikin ruwa. In aka kawo wuta..."

Ta leƙa, ta gani. Na ga fuskarta ta canza, amma muryarta ba ta canza ba. Ta ce, "Kar ki yi mashi tsawa. In ya tsorata mun shiga uku. Yi mashi magana a hankali."

Na ce bari in ce ya zare wayar tunda babu wuta. Ta riƙe mani hannu. "Da hannunsa? Waya tsirara? In suka kawo yana riƙe da ita fa?" Ba a san ranar masu wutar nan ba balle sa'arsu. Wani lokaci su ɗauke sai washegari, wani lokaci kafin ka nemo ashana sun dawo da ita.

Muka yaga ragar da wuƙa, na zura sandar tsintsiyar yana, ko zan iya kamo wayar. Ko rabin falon ba ta kai ba. Muka haɗu muka bangaji ƙofar da kafaɗa, ƙarar kawai ta sa yarinyar ta waigo. Anti ta ce, "Mita. Bari a zare fiyus, kowa ya huta." Mitar gidan tana zaure, amma a cikin akwatin katako take, mai gidan hayar ya danna mata kwaɗo tun da wani tsohon ɗan haya ya yi jone-jone ya ƙona waya. Makullin na aljihunsa. Anti ta fita da gudu babu ko takalmi, ba a jima ba ta dawo tana haki. Mai gidan hayar ba ya nan. Ya bi ayarin masu zuwa yi wa sabon shugaban ƙaramar hukuma murna, kuma kusan duk mazan layin sun bi shi, har da mai waldar bakin titi. Shagonsa a rufe. Layin namu babu kowa sai mata da awaki.

Ni dai ina maƙale a taga ina lallashi. "Babana, zauna kusa da ƙanwarka. Yi mata waƙa. Yawwa, ɗan albarka." A zuciyata kuwa abu guda nake maimaitawa: Ya Allah kada su kawo. Ya Allah ka mantar da su unguwarmu. Ni da na shekara ina tsine wa masu ɗauke wuta, ni da ranar rantsar da sabuwar gwamnati na ce in dai za su gyara wuta na yafe masu sauran, yau ga ni ina roƙon duhu kamar mai roƙon ruwan sama.

Yarinyar ta gaji da murfin kwano ta yar. Ta dubi nan, ta dubi can. Idonta ya sauka bisa bokitin. Na san wannan kallon. Ta kifa hannuwanta a ƙasa ta fara tafiya.

Na kira ta, na tafa hannu, na kaɗa awarwarona, na yi duk wasan da ke sa ta dariya. Ta tsaya ta dube ni ta cikin ƙarafunan, ta washe mani 'yan haƙoranta biyu, sannan ta ci gaba.

Sai na ji shi daga nesa, daga can bayan layinmu. Ihun yara. Duk wanda ya zauna gari a wancan zamanin ya san ihun nan, wanda ke tashi daga gida zuwa gida kamar gobara: "An kawo! An kawo!"

Ƙwan fitilar falon ya kama. Fankar sama ta fara juyawa a hankali.

Har yau ban san da wace murya na yi magana ba. "Babana! Kama ƙafarta! Kama ƙafarta ka jawo ta!"

Yaron nan ya tsaya yana kallona, da ɗankwalina a kansa. Ya ce, "Ke kika ce in daina janta."

Gaskiyarsa. Ko jiya na mare shi a kan haka.

"Yau na yarda! Ja ta! Ja ta da ƙarfi, Babana, don Allah!"

Hannunta ɗaya ya riga ya ɗagu sama, tana miƙa shi wajen bakin bokitin. Ya yi tsalle ya cafki ƙafarta ya fizgo. Ta kife, haɓarta ta bugi siminti, ta tsala kukan da ban taɓa jin daɗin wani sauti kamarsa ba. Ya ci gaba da janta har tsakiyar falo, tana shure-shure tana neman komawa.

"Kar ka sake ta! Zauna ka rungume ta! Ko ta cije ka kar ka sake!"

A bayana kuma wata ƙara ce ke tashi daga zaure, kamar ana faskare. Anti ce. Ashe tun da ta ji ihun yaran ta suri taɓaryata ta nufi akwatin mitar. Ina jin dukan, ina jin tana kiran sunan Yesu, ni kuma ina nan ina Innalillahi. Ruwan bokitin ya fara 'yan ƙananan ƙwayaye a jikin hitar, ina ganinsu daga taga. Yarinyar ta zame daga hannun yayanta har ƙugu, ya sake cafko rigarta. Shi ma ya fara kuka yanzu, don ya ga fuskata.

Sai fitilar ta mutu. Fankar ta yi ta rage gudu har ta tsaya.

Anti ta shigo da fiyus ɗin a hannu, ɗan abin nan na tangaran, jini na bin yatsunta inda katako ya yanke ta. Ta ce, "Na kashe. Ko sun kawo ta duniya ba ta shigowa gidan nan." Na zauna daɓas a ƙasa.

Ta ce, "Tashi, ba a gama ba. Ruwa na nan cike. In ta kifa kai a ciki fa?"

Lokacin mata sun fara shigowa, don an ji ihu. Kowa da shawararta. Wannan ta ce a nemo tsani a ɓalle kwano a shiga ta sama, waccan ta ce a tura yaro sakatariya ya kira maigidana, wata tsohuwa tana ta tofa addu'a a jikin ƙofar. Hayaniyar ta ƙara firgita yaron, ya koma kuka sosai yana cewa, "Umma ki buɗe ni, na daina, ba ni ne gwamna ba." Anti ta juya ta ce da su, "Don Allah bayin Allah, ku yi mana shiru." Aka yi tsit.

Ta tambaye ni, "Ke yaya kike buɗe ta kullum? Na sha jin kina faɗa da ƙofar nan da asuba."

Sai a lokacin kaina ya dawo. Ƙofar ta ɗan sauka saboda nauyinta, tana danne sakatar. Turawa ba wuya, amma wajen zarewa sai na sa ƙafa na ɗan ɗaga ƙofar daga ƙasa. Yaro ɗan wannan shekarun ko zai kwana yana ja ba za ta fito ba.

Matsalar ita ce, in ya hau kujera dole ya saki ƙanwarsa. Na kwanta rub da ciki a bakin ƙofar. Akwai 'yar tazara tsakaninta da ƙasa, wadda kullum nake toshewa da tsumma saboda ƙadangaru. Na cusa yatsuna har fatar bayan hannuna ta saɓule. Na ce, "Babana, jawo ta nan. Kawo mani rigarta a hannuna." Na ji yana janta, tana kuka, yana kuka. Sai na ji ɗumin 'yar ƙafarta a yatsuna. Na damƙi bakin rigar da yatsu biyu, na murɗa, na riƙe. Da za a yanke hannun a lokacin, ba na jin zan saki.

Anti ta kawo muciya ta cusa bakinta ƙarƙashin ƙofar ta ɗaya gefen, ta sa dutse a ƙasa, ta hau ta danna da dukan nauyinta. Ƙofar ta yi ƙara ta ɗan ɗagu.

"Yarona," in ji ta, da wata murya mai sanyi kamar ba ita ta gama farfasa akwati ba, "hau kujera. Ka hau? Yawwa. Kama da hannu biyu. Ja wajen ɗakin barci. Ba sama ba, gefe."

"Ta ƙi, Anti."

"Ba ta ƙi ba, tana jin tsoronka ne. Sake ja. Namijin duniya. Ja!"

Muka ji ƙiiii, sannan ƙwal.

Sai da aka ɓamɓare yatsuna daga rigar kafin a iya tura ƙofar, don na manta yadda ake buɗe hannu. Na shiga da rarrafe, ban ko miƙe ba. Na haɗa su biyun na ƙanƙame. Haɓar yarinyar ta fashe kaɗan, jini ya ɓata wuyan rigarta, ban da wannan lafiyarta lau. Anti ta wuce mu ta fizge hitar daga bango, ta fita da ita ta wurga bisa rufin bayi, ta dawo ta ɗauki bokitin ta kwarar a tsakar gida. Ruwan har ya yi ɗumi.

Tun ina taga na tanadi dukan da zan yi wa yaron nan in ya fito. Na tsara shi tsaf. Da na riƙe shi sai na ji wandonsa a jiƙe, ga shatin haƙora biyu a damtsensa inda ta cije shi bai saki ba. Ya ɗago ya ce, "Umma, ban sake ta ba ko?" Na ce, "Ba ka sake ta ba, Babana." Daga nan kuka ya ƙwace mani, irin mai sauti, a gaban matan unguwa duka. Shi kuwa da ya ga abin ya lafa, sai ya goge hanci da hannu ya ce yana jin yunwa.

Da la'asar maigidana ya dawo ya iske akwatin mita a farfashe, gida babu wuta, matarsa da kumburarrun idanu. Na ba shi labari. Ya ɗauki yarinyar ya daɗe yana duba ta, yatsa bayan yatsa. Sannan ya tafi ƙofar Anti ya yi sallama, ya durƙusa har ƙasa, mutumin da ban taɓa ganin ya durƙusa wa kowa ba sai iyayensa. Ta ce, "Haba Malam, tashi, ai 'ya'yana ne." Mai gidan haya da ya dawo ya fara faɗan an fasa mashi akwati, amma da ya ji dalili sai ya cire hularsa ya yi ta salati. Washegari mai walda ya zo ya mayar da sakatar can sama, inda ni kaina sai na yi ɗage.

Na yi makonni ban dawo daidai ba. Ina cikin girki sai in yar da ludayi in ruga ɗaki, in iske su suna wasa lafiya. Ko wanka zan shiga sai na kai su wajen Anti. Mahaifiyata da ta zo daga Ƙofar Durbi duba mu, ta ga yadda nake bin su kamar inuwa, ta zaunar da ni. Ta ce, "Ke kina tsammanin idonki ne ke tsaron su? Ki kula iyakar iyawarki, ki gyara abin da ya lalace tun bai ci mutum ba. Amma ki sani, ranar nan kina waje, ƙarfe na tsakaninku. Wanda ya tsare su ya tsare su." Ta kuma ba ni labarin irin ta'asar da ni na yi ina ƙarama, har da faɗawa cikin tukunyar rini, abin da ba ta taɓa gaya mani ba. Ashe gado yaron ya yi.

Yanzu duk sun girma, kowa da iyalinsa. Idan muka haɗu da salla aka tayar da zancen, dariya ake yi har da hawaye, ita tana nuna ɗan tabon haɓarta tana cewa yayanta ya ja ta a ƙasa kamar buhun gero, shi yana cewa ai godiya ya kamata ta yi. Ni ma ina taya su dariyar. Amma su labari suka sani, ni kuwa na ga tazarar da ta rage tsakanin hannun nan da bakin bokitin.

Abin da na fahimta shi ne, renon ƙananan yara ba a manyan ranaku yake gwada mutum ba. A ranar da ba ta da suna ne, da hantsi, kana fifita gawayi kana tunanin miyar dare. Kuma a irin ranar, ba danginka na nesa ne za su ji ihunka ba, sai wanda kuke shanya a igiya ɗaya.

Anti ba ta daɗe ba bayan nan aka yi wa mijinta canjin wurin aiki suka koma gida. Ranar tafiyarsu ta goya ɗiyata ta zagaya tsakar gidan da ita, ta sauke, ta shiga mota ba ta waiwayo ba don kada in ga idonta. Babu waya a lokacin, muka yi ta aiken gaisuwa ta bakin direbobi har abin ya yanke. Na yi cigiya ban dace ba. Ban san ko tana raye ba. In tana raye ta tsufa yanzu, wataƙila tana can zaune a wata inuwa da jikoki kewaye da ita. Allah ya sa idan ɗayansu ya shiga wani hali, a samu wanda zai fito mashi da gudu babu takalmi.